Jawabin Kwamitin Gyaran Keken Marigayi Sakatare

Wannan shi ne jawabin da shugaban kwamitin ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a nan Sabo, Badun.

 

Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, dattawan Sabo, iyayenmu mata da ke can baya, samari, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba mu minti kaɗan mu yi bayani a kan keken nan da kuke gani a jingine a gaban tebur. Mun sani tun bara ake ta magana a kansa, a rumfar goro da bakin masallaci. Waɗansu na cewa ƙungiya ta rasa abin yi, waɗansu na cewa an kashe kuɗin jama'a a kan tsohon ƙarfe. To, mu uku aka ɗora wa aikin, saboda haka ya wajaba mu zo mu faɗi abin da muka yi, da inda muka yi kuskure, da abin da muka koya. In mun tsawaita a yi mana haƙuri, mu 'yan kasuwa ne, ba mu saba da jawabi ba.

Da farko, ga yaran da ba su sani ba, keken nan na marigayi sakatarenmu na farko ne, Allah ya jiƙansa. A Kwatano ya saye shi, cikin shekarun 1970, lokacin da yake zuwa can fatauci. Mu da muka tashi a unguwar nan mun buɗi ido mun gan shi a kansa. A kan keken nan ake kai takardar taro gida gida. In an yi rasuwa, shi zai hau ya sanar da 'yan uwa har Bodija da Ojo. In baƙo ya sauka daga jirgi a Dugbe bai san kowa ba, sau da yawa a kariyar keken nan ake ɗauro ƙunshinsa zuwa Sabo. Dattawa na nan da rai, za su shaida cewa da rafin Ogunpa ya yi ambaliya ran 31 ga Agusta 1980, marigayi ya kwana biyu yana zagayawa a kansa yana rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Bayan rasuwarsa aka jingine shi a ɗakin ajiya, ya shekara fiye da ashirin, har bara da aka zo gyaran rufin gidan, aka fito da shi tsakar gida, 'yan gwangwan suka yi masa kuɗi a kilo. Saura ƙiris a ɗora shi a kura wani dattijo ya wuce ya gane shi.

Abu na farko da muka yi shi ne zuwa wajen magada, domin keken dukiyarsu ce, ƙungiya ba ta da haƙƙi a cikinsa. Suka ce sun yarda a gyara, a ajiye shi a ofishin ƙungiya, amma yana nan a matsayin nasu. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Ke nan amana muka karɓa. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

To, wane irin keke ne? Mu nan Nijeriya keken Ingila muka sani, wato Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sai kuma Phoenix na ƙasar Sin da ya zo daga baya. Wannan kuwa Peugeot ne, Fijo dai da kuka sani, ga zakin nan a goshinsa. Da yawa sun yi mamaki da muka ce Fijo na yin keke, domin mu mota 504 muka sani, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Alhali gidan Peugeot, a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan, sun riga yin keke kafin mota. Tun da farko zarto da injin niƙa kofi suke yi. Zakin nan ma an yi masa rajista a 1858, tun babu mota. Kekensu na farko ya fito a 1882, mota ta biyo baya. A babban tseren keke da ake zagaye ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1903, wani Bafaranshe mai suna Bernard Thévenet ya ci a 1975 da 1977, duk a kan Peugeot. Na marigayi ba na tsere ba ne, na tafiya ne, mai giya goma, da kariya da fitila, amma gida ɗaya suka fito, zamani ɗaya.

Kuma ku sani, Peugeot gangar jikin ta ƙera, sauran kayan kowanne da kamfaninsa, kusan duk na Faransa. In kun matso bayan taro za ku karanta sunayen da idonku. Abin canza giya Simplex ne, na garin Dijon. Birki Mafac ne. Cibiyar ƙafafun Normandy ce. Sirdin fata Idéale ne. Waɗannan kaya da ya zo da su an daɗe da daina ƙera irinsu, babu kantin da za ka shiga a Ogunpa ko Gate ka ce a ba ka. Shi ya sa aikin da muka zaci na mako biyu ne ya ci mana wata bakwai.

Yanzu ga kuskurenmu. Muka ɗauki keken muka kai wa wani mai gyara, saurayi, mai ƙoƙari, ba za mu faɗi sunansa ba domin laifin namu ne, mu muka matsa masa ya yi sauri. A ƙasan keke, inda sandar feda take juyawa, akwai kofuna biyu na ƙarfe da ake murɗawa a ciki, su ke riƙe da boris. A keken Ingila, kofin da ke ɓangaren sarƙa zarensa na hagu ne, wato in za ka kwance shi sai ka murɗa ta inda ake ɗaure sauran notina. Haka yaron ya saba tun yana koyo. A keken Faransa na wancan zamani kuwa, kofunan nan biyu duk zaren dama ne. Saboda haka duk ƙarfin da yake sawa yana nufin kwancewa, ɗaurewa yake ƙara yi. Ya sa sifana, ya ƙara da bututu, ya kawo guduma, kofi ya ce bai san zance ba.

Da wannan ya gagara, ya koma ɗaya ɓangaren, ya kwance, ya ga kofin ya ci, ya ɗauko sabo na keken Ingila ya murɗa. Ya shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije. Muna tsaye a wurin. Maimakon mu ce ya dakata, ɗayanmu ya ce tsatsa ce, ƙara ƙarfi. Ya ƙara. Muka ji wata 'yar ƙara, ya warware, sai ga ɓarɓashin ƙarfe a bakin ramin. Mun cinye zaren gangar jikin. Jama'a, ranar nan ba mu yi barci sosai ba. Kofi in ya lalace a sayi wani, amma in zaren gangar jiki ya tafi, keken ya tafi, kuma kayan magada ne.

Wani direba ne ya yi mana kwatancen wani tsoho Bayarabe a Mokola, wanda ya yi shekaru yana gyaran keke a Kwatano kafin ya dawo gida. Muka same shi a ƙarƙashin rumfa, idonsa ya fara rauni, amma hannunsa na nan. Ya shafa ramin da yatsa, ya dube mu, ya ce da Hausarsa ta zango: "Alhaji, wa ya aikata wannan?" Muka ce, Baba, mu ne. Ya ce to Allah ya taimake ku kun tsaya a zagaye na uku.

Shi ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Ya ce Bature na Ingila da inci yake awo, na Faransa da milimita. Kofin Ingila faɗinsa inci 1.37 ne, wato wajen milimita 34.8, kuma zare 24 ne a kowane inci. Na Faransa milimita 35 ne cif, kuma tsakanin zare da zare milimita 1, wato zare 25 da ɗoriya a inci guda. In ka riƙe su biyu a hannu ba za ka bambance ba. Shi ya sa yake shiga zagaye biyu kamar gidansa ne, sannan ya fara cin zaren. Ya ce da bambancin babba ne da babu wanda zai yi kuskure, ƙanƙantarsa ce take kashe kekunan Faransa a hannun masu gyara.

Ya ɗauko ma'auninsa na ƙarfe ya bi keken gaɓa gaɓa yana nuna mana, muna rubutawa a bayan takardar goro. Wuyan da ke riƙe kan keke, na Faransa milimita 22 ne, na Ingila 22.2. Zaren feda na Faransa milimita 14 ne, na Ingila ya ɗara da kaɗan, in ka tilasta shi ya ɓata hannun fedar. 'Yar ƙusar nan da ake kira kota, mai ɗaure hannun feda da sanda, ta Faransa milimita 9 ce, ta Ingila 9.5. Hatta taya: ta Raleigh da muka saba da ita, mai lamba 28, cikinta milimita 635 ne, ta wannan keken kuwa 622 ce, ita ake rubuta wa 700C. Mun riga mun sayi tayar Raleigh guda biyu kafin mu san haka, suna nan a ofis, duk mai bukata ya zo ya saya. Ya kuma gaya mana cewa cikin shekarun 1980 kamfanonin Faransa suka bar awonsu suka bi na sauran duniya, saboda haka ko Peugeot ka gani, auna kafin ka murɗa, domin ba duka ne iri ɗaya ba.

Yadda ya ceto zaren kuwa abin a gani ne. Ya ɗauki tsohon kofin keken, wanda ya ci ɗin nan da muka so jefarwa, ya sa zarto ya yi masa tsaga uku a kan zaren, ya shafa mai, ya riƙa murɗa shi a ramin da hannu, rabin zagaye gaba, ya dawo baya, ya goge, ya sake. Ya yi fiye da awa guda a haka, har zaren da ya kwanta ya miƙe. Kofin ɓangaren sarƙa kuma ya ce a bar shi inda yake, tun da lafiyarsa ƙalau, kuma ma gara da yaron ya ɗaure shi tamau, domin aibin zaren dama a wannan ɓangare shi ne yana kwance kansa in ana tuƙi.

Saura neman kaya. Baba ya ce kada mu wahalar da kanmu a Badun ko Ikko, mu tafi Kwatano, inda ake sauke tsofaffin kekunan Turai, mu sayi mataccen keken Faransa guda mu yi ta cire masa kaya. Ɗayanmu da ke bin hanyar Badagiri da Seme ya ɗauki nauyin haka. Sai a zuwa na uku, da taimakon 'yan uwanmu na Zongo, ya samo wanda mota ta take, gangar jikin ta lanƙwashe amma kayan na nan. A jikinsa muka sami kofin da muke nema, da sandar feda, da kota biyu, da feda, da abin canza giyar gaba.

Wannan na ƙarshe yana da labari. Tun daga 1962 kamfanin Simplex ya fara yin jikin abin canza giyarsa da wata irin roba mai tauri da ake kira Delrin, don ya yi sauƙin nauyi da kuɗi. Tana aiki, amma in ta tsufa ta sha rana sai ta tsage, musamman ta gaba, daidai inda take rungume gangar jiki. Ta marigayi ta tsage gida biyu, ya ɗaure ta da waya. Wadda muka samo lafiyayya ce, Baba ya ɗaura ta a hankali, ya ce duk wanda ya ƙara wa notin nan ƙarfi shi zai koma Kwatano.

Birkin Mafac bai ba mu wahala ba. Aka kwance, aka jiƙa a kalanzir, aka goge, aka sa sabuwar waya da sabuwar roba. Birki ne mai kamawa, sai dai yana da kuka, in ba a ɗan karkatar da robar yadda bakinta na gaba zai fara taɓa ƙarfen ƙafa ba, duk unguwa za ta san ka taka birki. Amma ga gargaɗi ga duk wanda za a aika a kansa: ƙafafun nan na ƙarfe ne mai ƙyalli, in ruwa ya jiƙa su birki ba ya kamawa nan da nan. Kun san Badun, gari ne na tudu da gangare, ga damina mai tsawo. Kada wanda ya gangaro Mokola a guje cikin ruwan sama. Wuyan kan keken kuma mun cire shi mun duba, domin irin na AVA ne, an san su da tsagewa a ƙasa. Mun sami 'yar tsaga, saboda haka muka sa na wancan keken, muka ajiye na asalin a akwati. Boris ɗin ƙafafu duk an sake, an cika giris.

Sirdi ne kaɗai abin da aka yi a nan Sabo, kuma shi muka fi alfahari da shi. Fatar ta bushe ta yage daga inda aka kafe ta. Muka kai wa dukawanmu. Wani dattijo a cikinsu ya cire tsohuwar, ya shimfiɗa ta a kan fatar sa mai kauri ya fitar da girmanta, ya jiƙa, ya ɗaure ta a kan ƙarfen sirdin har ta bushe ta ɗauki siffa, sannan ya kafe ta, ya mai da ɗan tambarin Idéale a bayanta. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce marigayi ne ya kai mahaifiyarsa asibitin Adeoyo da dare, yana tura keken nan tana zaune a kariya.

Mun yi gardama a tsakaninmu a kan fenti. Biyu daga cikinmu sun so a kankare a fesa sabo ya yi ƙyalli. Babban ɗan marigayi ya ce a'a, inda fentin ya goge a sandar sama nan ne mahaifinsa ke ɗora hannu in ya tsaya gaisawa da mutane. Muka bar shi. An wanke, an cire tsatsa da samfefa mai laushi, an shafa mai. Abin da kuke gani fentin da ya zo da shi ne daga Faransa.

Maganar kuɗi kuwa, lissafi na hannun ma'aji, kowa na iya dubawa. Abin da ƙungiya ta biya shi ne taya da tib da wayoyin birki da sarƙa. Kuɗin gyaran zaren da muka ɓata, da tayoyin da muka saya bisa kuskure, da kuɗin motar Kwatano, mu uku muka biya daga aljihunmu, domin wanda ya ɓata amana shi ke da biya. Mun kuma je mun gaya wa magada abin da ya faru tun a makon, ba mu ɓoye ba, suka yafe. Yaron da ya fara aikin ma mun biya shi ladansa, mun ba shi haƙuri.

To, masu tambaya me aka samu, ga amsarmu. An kafa Sabon nan a 1916. A cikin shekarun nan duka, me muka ajiye wanda za mu nuna wa jikokinmu? Takardun farko na ƙungiya gara ta cinye. Hotuna sun ɓace wajen ƙaura. Mu mutane ne masu cewa gobe za mu koma gida, saboda haka ba ma ajiya, alhali a nan aka haife mu, a nan muka binne iyayenmu. Keken nan na cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda hannun mutanen farko ya taɓa, kuma saura ƙiris a narkar da shi a yi rodi.

Bayan haka, ba don kallo kaɗai muka gyara shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kowa ya san abin da ɗan acaba ke karɓa daga nan zuwa Bodija. Mun ga magidanta sun fara fito da tsofaffin kekuna. Wannan ma zai koma aikinsa na da, ɗan aiken ofis zai riƙa kai takardu a kansa, da izinin magada. Amma keke na bukatar mai gyara, kuma a duk binciken da muka yi Baba kaɗai muka samu da ya san awon Faransa, ga shi ya tsufa. Mun roƙe shi, ya yarda zai karɓi yara biyu daga Sabo, da yaron nan da ya fara mana aiki, wanda shi da kansa ya nemi a kai shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya ce kada a kawo masa yaro mai saurin ɗaukar guduma. Muna roƙon iyaye, wanda ke da yaro mai natsuwa da ya gama makaranta yana zaune, ya ga sakatare bayan taro. Sana'a ce, ba ta hana karatun allo ko na Islamiyya da yamma.

Roƙonmu na ƙarshe, duk wanda ke da tsohon keke a ɗaki, ko na Faransa ko na Ingila, kada ya sayar a kilo sai ya nuna mana. Ko ya mutu, akwai abin cira a jikinsa. Har yanzu muna neman gilashin fitilar baya da famfo mai bakin da ya dace da siririn bawul ɗin Faransa. Wanda kuma zai taɓa keken nan da sifana, ga takardar awonsa mun manna a bangon ofis, ya karanta tukuna. In noti ya cije a zagaye na uku, a dakata a tambaya.

Muna godiya ga magada da suka amince mana, da Baba na Mokola wanda ga shi can zaune mun gayyato shi, da dukawanmu, da 'yan uwa na Zongon Kwatano. Allah ya jiƙan marigayi, ya kai haske kabarinsa, ya jiƙan dukkan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya yi wa kasuwarmu albarka. Yanzu muna roƙon babban ɗan marigayi ya taso ya hau, ya zagaya filin nan sau ɗaya jama'a su gani.